Aike a Zariya: keken gida, keken giya, ko a hau acaɓa?

Wanda ya zo hutu gidan 'yan'uwa a Zariya kwana biyu kacal ake yi masa kallon baƙo. Daga rana ta uku aike ya fara: Hajiya na son a sayo mata magani a kemis, Inna na jiran markaɗe, gas ya ƙare ana tsakiyar girki, ɗinkin Sallah na wajen tela, ga Kawu yana kwance a asibiti sai an kai masa abinci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin hawa ya daina zama ɗan canjin da ba a lissafawa. Aike shida a rana hawa goma sha biyu ke nan, zuwa da dawowa, kuma baƙo ba ya iya miƙa wa mai gida hannu ya ce a ba shi na mota.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Ka ɗauki tsohon keken da ke jingine a zaure, mai manyan ƙafafu da birkin ƙarfe. Ko ka nemi keken giya, wato mai abin canza taurin tuƙi, irin na gwanjo da ake kira Beljiyam. Ko ka haƙura da keke ka dogara da acaɓa, Keke Napep da bas. Ga mafi yawan masu ziyara tsohon keken gida ne ya fi, amma akwai unguwanni da nau'in aiken da zai ba ka kunya, kuma gara ka san su tun kafin ka ɗora ƙafa a feda.

Ina ka sauka?

Zariya garuruwa ne da aka jera a kan hanya ɗaya. Akwai Birni a cikin ganuwa, da ƙofofinsa irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kibo da Ƙofar Kona. Ka fita Ƙofar Doka ka shiga Tudun Wada, da Kongo da Gyallesu a gefe. Ka gangara ka haye kogin Kubanni ka hau zuwa PZ da Sabon Gari. Daga nan sai Kwangila, sai hanyar Sakkwato ta miƙe da kai ta Hanwa da Palladan zuwa Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, sannan Shika can gaba, inda asibitin koyarwa yake.

Idan gidan da ka sauka yana cikin Birni, kusan duk aikenka ba zai wuce kilomita 2 ko 3 ba: Bakin Kasuwa, Babban Dodo, injin niƙa, mai POS, asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Lungunan Birni matsattsu ne, da kwata a tsakiya ko a gefe, da yara da awaki, kuma ba wanda ke gudu a cikinsu. A nan giya ba ta da aikin yi. Haka Tudun Wada da Sabon Gari: ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, hawan da za ka ji a cinya shi ne na tashi daga gadar Kubanni, ko ta wane ɓangare ka nufa.

Wanda ya sauka Samaru ko Palladan, dangi kuma suna Birni, lissafinsa dabam ne. Daga babbar ƙofar jami'a zuwa Ƙofar Doka ya haura kilomita 10. Mai tuƙin aike, da kaya a baya, yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa, don haka ka ware kusan awa guda zuwa, awa guda dawowa. Sau ɗaya a rana da sanyin safiya abu ne mai yiwuwa. Sau biyu, a watan Maris ko Afrilu da rana ke dukan ƙeya, wahalar da kai ne kawai.

Keken gida

Shi ne wanda kowa ya tashi ya gani: baƙi ko kore, tayar inci 28, sirdi mai sifirin, kariya mai faɗi ta ɗora kaya a baya, birkin da sandunan ƙarfe ke ja maimakon waya. Asalin samfurin na Raleigh ne daga Ingila, kuma kamfanin ya taɓa haɗa kekuna a Kano. Yawancin waɗanda ke yawo yanzu Phoenix ne na ƙasar Sin, ko Hero da Avon na Indiya, amma gininsu ɗaya ne, kayan gyaransu ma suna shiga juna. Wannan shi ne babban ƙarfinsa. Ba unguwar da za ka rasa mai gyaran da ya san shi ciki da waje, kuma robar birki, boris, sarƙa, feda da tiyub ɗinsa suna rataye a rumfar kowane mai faci.

Yana da nauyi, wajen kilo 20 ko fiye, sai dai nauyin ba ya damun wanda ba ya hawan tudu. Abin da kake samu a madadinsa shi ne kariya ta ƙarfe da aka ɗaure a jikin gindin ƙafar baya, wadda ke ɗaukar rabin buhun shinkafa mai kilo 25 ba tare da ta motsa ba, har ma cikakken buhu mai kilo 50 ga wanda ya saba. Tsawon da ke tsakanin ƙafafunsa biyu yana sa ya zauna daram da kaya. Manyan tayoyin suna haye ƙananan ramuka da kwalbati da sauƙi fiye da ƙananan tayoyi. Zaman kansa a miƙe yake, kana ganin gabanka, kana iya ɗaga hannu ka yi gaisuwa.

Akwai wani abu da masu sayen keken giya ba sa tunawa sai ya faru: tufafi. Mai zuwa gaishe da surukai ko ɗaurin aure da kaftani da wando mai faɗin ƙafa zai fita. Keken gida yana da murfin sarƙa da murfin taya gaba da baya, shadda ta tsira daga baƙin mai da taɓo. In murfin sarƙar ya ɓace, kamar yadda yake a tsofaffi da yawa, ka sa a mayar da wani, ko ka naɗe ƙafar wandon dama ka ɗaure da roba.

Lahaninsa biyu ne. Na farko birki. Robar tana kama rim ɗin ƙarfe ne ta ciki, kuma da ruwa ya jiƙa rim ɗin, juyin farko da na biyu kusan babu abin da take riƙewa. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta da ruwa ke zuba kusan kullum, ka fara matsa birki tun da nisa don robar ta share ruwan, kada ka jira sai ka iso bayan Napep ɗin da ta tsaya ɗaukar fasinja. Idan rim ɗin ya ɗan karkace, birkin zai riƙa kamawa yana saki, kan keken yana girgiza. Maganinsa a gyara wayoyin ƙafar, wato sifok, a daidaita rim ɗin, ba a ƙara ɗaure birki ba.

Na biyu, giyarsa ɗaya ce, kuma yawanci mai tauri: haƙori 44 ko 46 a gaba, 18 a baya. Da kaya a baya, tashi daga tsaye yana cin gwiwa. Gyaran mai sauƙi ne kuma ba a cika yin sa ba. Ka sa mai gyara ya canza firiwil ɗin baya, wato haƙoran da sarƙa ke ja a ƙafar baya, zuwa mai haƙori 20 ko 22, ya ƙara wa sarƙa gaɓa ɗaya ko biyu. Gudunka zai ɗan ragu a miƙaƙƙiyar hanya, amma za ka hau daga Kubanni zuwa PZ a zaune.

Keken giya

Tayarsa inci 26 ce mai kauri, birkin waya, giya 18 ko 21, nauyinsa kilo 14 zuwa 16. A doguwar hanya ya fi keken gida nesa ba kusa ba. Idan hunturu ya shigo, iskar arewa maso gabas tana bugun ƙirjin mai tafiya a fili, a nan ne saukar da giya ke da daɗi. Birkinsa a kan rim ɗin alminiyam ya fi kamawa cikin ruwa. Hanyoyin ƙasa na bayan Samaru, Bomo ko wajen Wusasa da gindin dutsen Kufena, inda yashi da tsakuwa suka yi yawa, nasa ne.

Matsalar ita ce ba don aike aka ƙera shi ba. Yawancinsu suna zuwa babu kariya, babu murfin taya, babu jak ɗin tsayarwa. Kariyar da ake sayarwa a ɗaura masa siririya ce, iyakarta kilo 25 in ta yi kyau, wadda ake maƙalawa a sandar sirdi kuwa kilo 10 ma da ƙyar. Kafin ka saya, duba kusa da gindin ƙafar baya ko akwai ƙananan ramuka masu zare na ɗaura kariya. In babu, sai mai walda ya yi dabara, kuma jikin alminiyam ba ya karɓar waldar bakin titi.

Ka guji mai sifirin a tsakiya, wanda bayansa ke lotsawa. Shi ne ya fi ɗaukar ido a wajen masu sayarwa, shi ne kuma mafi rashin amfani: ba wurin ɗaura kariya, sifirin ɗin yana shanye ƙarfin tuƙinka, gaɓar da yake juyawa a kai kuma in ta yi sako-sako ba ta gyaruwa.

Abin canza giya na baya shi ne wurin da keken ke mutuwa. Yana rataye a gefen dama, a waje, kuma faɗuwa ɗaya a ƙofar shago ko yaran gida su kayar da shi a tsakar gida ta isa ta lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da shi. Alamar ita ce sarƙa ta riƙa tsalle tsakanin haƙora ko tana ƙara. In aka ci gaba da hawa a haka, wata rana ka sa giya mafi laushi abin ya faɗa cikin sifok, ya karye, ya tafi da wayoyi uku ko huɗu. Saboda haka kullum a jingine shi ta hagu. Sarƙarsa ma ta fi ta keken gida siranta, ba sa musanya, kuma ba kowane mai faci ke ajiye ta ba. Sai ka shiga Sabon Gari ko Samaru kafin ka samu wanda ya iya saita giya da kyau. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai ta zama kamar sanfefa a kan haƙora. A goge sarƙa da tsumma duk bayan kwana uku, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa. Tsoma ta cikin baƙin mai, yadda aka saba yi wa keken gida, yana kashe ta da wuri.

Iska da faci

Bawul ɗin keken gida irin na da ne, mai 'yar siririyar roba a ciki. Keken da ya shekara a jingine, tayarsa a kwance, sau da yawa ba huji ba ne, robar nan ce ta bushe ta tsage. Ana canza ta cikin minti biyu da kuɗi kaɗan, don haka kada ka yarda a sayar maka da sabon tiyub kafin a duba ta. Keken giya yawanci bawul ɗin mota gare shi, kowane mai facin mota zai ba ka iska. Sai dai injinsa na tayar mota ne, daƙiƙa kaɗan sun isa su fasa tiyub ɗin keke. Ka ce ya riƙa ba da ita kaɗan-kaɗan kana matsa tayar da yatsa. Adadin iskar da tayar ke ɗauka yana rubuce a gefenta. Idan ka ga siririn bawul mai ɗan ƙulli a kai, irin na keken tsere, ka tabbata an haɗa maka da famfonsa, in ba haka ba za ka tura keke kana neman mai irinsa.

Huji iri biyu ne, sanin bambancinsu yana hana maimaitawa. Huji ɗaya a bayan tiyub aikin ƙaya ne, ko tsidau, ko ƙusa, ko wayar tsohuwar taya da aka ƙona a bakin titi. Kafin a mayar da tiyub a shafa cikin tayar da yatsa a cire abin, don in aka bar shi zai sake hudawa kafin ka kai gida. Huji biyu a jere kusa da juna kuwa ƙarancin iska ne: ka faɗa rami da kaya, rim ya cije tiyub. Wanda zai ɗauko kaya mai nauyi ya ƙara wa tayar baya iska tukuna. Sannan a bar sholisho ya sha iska ya daina ƙyalli kafin a manna faci. Facin da aka manna a jiƙe shi ne wanda ke ɗagowa da zafin kwalta.

Ɗaurin kaya

Robar tsohon tiyub ɗin mota da aka yanka tsawon mita 2, faɗin yatsa biyu, ta fi kowace igiya. Guda biyu sun isa. Nauyi ya zauna a kan gindin ƙafar baya ko ya ɗan matso wajen sirdi. In ya zarce baya, gaban keken zai yi sakayau, kan ya riƙa rawa.

Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6, in an cika ta, tana kai kilo 13 ko 14 da ƙarfenta, kowane keke mai kariya zai ɗauka. Mai kilo 12.5 tana haura kilo 25, doguwa ce kuma, sai keken gida, a tsaye, a kan ɗan katako, da roba biyu a gicciye. Ba a kwantar da ita. Jarkar lita 25 ta fi sauƙi a cike fal, don rabin jarka ruwan na kai-komo yana fizgar keken a kwana. Markaɗe a zuba shi a bokiti mai murfin da ke kamawa, a shimfiɗa leda kafin a rufe. Ƙwai, ko kiret ɗaya ne mai 30, a sa tsumma a ƙarƙashi, a ɗora wani kiret ɗin wofi a kife a sama, sannan a ɗaure ba da ƙarfi ba.

Rataya ledar cefane a hannun keke shi ne kuskuren da ya fi kayar da mutane. Ledar tana lilo, ta shiga sifok ɗin gaba, ƙafar ta tsaya cak. Kwando a gaba na kayan miya ne da burodi, kada ya wuce kilo 5.

Inda keke ba shi da hurumi

Abincin asibitin Shika ba na keke ba ne, sai in a Samaru kake. Daga Birni tuwon zai huce, miyar ta zube a kula, kai kuma ka iso majinyaci a jiƙe da gumi. Bas daga PZ ko Kwangila ya fi. Duk aiken da ya haɗa da ɗaukar mutum, tsohuwa zuwa asibiti ko yara uku daga Islamiyya, na Napep ne. Buhun masara ko siminti ma haka. Maganin gaggawa da dare, acaɓa.

Hanyar Kaduna zuwa Kano, wadda ta ratsa Ɗan Magaji da Kwangila, ta tirela da tanka ce. Iskar da babbar mota ke turowa in ta gifta tana iya ture mai keke daga kwalta. Inda dole ne a tsallaka, a sauka a tura. A Kwangila da kasuwar Sabon Gari haɗarin ba gudu ba ne, masu Napep da acaɓa ne da ke yanko gefen dama ba sigina da zarar sun hango fasinja. Ka bar tazarar keke biyu tsakaninka da su, yatsunka a kan birki.

Ranakun hawan Sallah hanyoyin fada suna cika da dawaki da jama'a, ba mota ba babur. Mai keke yana iya zagayawa ta lungu, amma kusa da doki a sauka, kada a buga ƙararrawa. A cikin Birni kuma, in ka zo wuce dattawa a dakali ko ƙofar gidan malami, ka sauka ka gaisa. Baƙon da ya wuce a kan sirdi, kafin ya koma gida labari ya riga shi.

Aro ko saye

Ziyarar da ba ta wuce mako biyu ba, aro ya fi. Kai keken wajen mai gyara ranar farko ka biya da kanka: robar bawul, robar birki huɗu, giris a gindin ƙafafu da na feda, a ɗaure sifok. A duba ƙusar nan da masu gyara ke kira kota, mai riƙe ƙafar feda. In ta ci, za ka ji ƙafar tana faɗawa gaba kaɗan a kowane juyi, kuma ba a gyara ta da ɗaure noti, sai a buga sabuwa. Idan keken Baba ne ko na wani dattijo, tambaye shi da bakinka, ko da yara sun ce ba ya hawa, ka kuma yi wa tsayin sirdin alama kafin ka ɗaga shi.

Wanda zai yi wata biyu ko uku, ko yana da ƙanen da zai bar wa, ya yi lissafi: kuɗin hawan da yake kashewa a rana sau kwanakin da zai yi, a gefe guda kuma farashin keken da gyaransa, a cire abin da zai samu in ya sayar. Keken gida na hannu ba ya faɗuwa sosai a kasuwa, don masu kai kaya da manoman kewaye kullum suna nema. Keken giya ya fi saurin zubar da daraja da zarar giyar ta fara tsalle. Wajen saye, ka ɗaga kowace ƙafa ka juya ka ga ko rim na rawa. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in wuyan yana ƙwas-ƙwas boris ya ci. Ka duba bututun da ke bayan wuya, in fenti ya tattare ko ya tsage a nan, keken ya taɓa karo da wani abu, ka bar shi. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar da aka buga a jikin ƙarfen, yawanci a ƙarƙashin gindin feda ko sandar sirdi.

Makullin da ke zagaye ƙafar baya yana hana a hau keke ne kawai, ba ya hana a ɗauke shi a jefa a Napep. Sarƙa mita ɗaya da kwaɗo, a zura ta cikin jikin keken da ƙafar baya a ɗaure da turke ko ƙarfen shago. Keken giya mai ƙafafun da ake cirewa da hannu, a haɗa da ƙafar gaba. A kasuwa, ka bar shi gaban rumfar wanda gidanku ke sayayya wajensa, ka gaya masa. A masallacin Juma'a ka kai shi inda ake ajiye babura da mai gadi. Fitilar dainamo ta tsohon keke tana mutuwa da zarar ka tsaya, daidai lokacin da na bayanka ya fi bukatar ganinka, don haka ka sayi ƙananan fitilu biyu masu caji, fara a gaba, ja a baya, ka riƙa cire su kana sa su a aljihu duk inda ka ajiye keken.